Lokacin da Baba Ya Rubuta a Jikin Kwalba

Na Allah ne mu duka, kuma ranar Laraba bayan azahar Ya karɓi surukina, mahaifin maiɗakina, wanda kowa a unguwarmu yake kira Baba. Allah Ya jiƙansa, Ya yalwata masa makwanci. Ni ba mai ilimi ba ne, a aji shida na tsaya, gero da dawa nake aunawa a kasuwar Daura. Wannan takarda sau uku ina rubuta ta ina yagewa, don tsoron kada in sa masa maganar da bai faɗa ba. Inda ban tabbata ba, zan ce ban tabbata ba.

Kwana uku muna zaune a kan tabarmi a ƙofar gidansa. Mutanen Sandamu, inda gonarsa take, sun zo cike da mota. Wani tsoho daga Mai'adua, mai shan maganin zuciya, ya ba da labarin yadda Baba ya taɓa korar shi gida har sau biyu ba tare da ya ɗebi jininsa ba, wai don ya sha ƙwayarsa kafin ya taho. Ya ce a lokacin ya yi ta zaginsa a kan babur har ya isa gida, yau kuma ga shi yana yi masa kuka. Daga cikin gida ana jiyo muryar Gwaggo, ƙanwar Baba, tana gaya wa mata cewa yayanta bai taɓa barin mutum ya yi 'yar ƙaryarsa cikin kwanciyar hankali ba.

A rana ta biyu direban motar Kano ya zo, wani ƙato mai baki, wanda suka sha yin faɗa da Baba a tsakiyar tasha. Yana rungume da shuɗin filas ɗin ƙanƙara da Baba yake aika jini a ciki. Ya ajiye shi a gaban babban ɗan Baba, yayan maiɗakina, ya durƙusa ya kasa gaisuwa. Can ya ce, "Yanzu wa zai riƙa bi na yana tambayata ko na ɗora masa filas a kan inji?" Aka fara dariya.

Ni ban yi dariya ba. Na san abin da filas ɗin ya kai Kano ranar Litinin. Kuma duk wanda ya zauna a tabarmar nan magana ɗaya yake yi: abin da Baba ya rubuta, a rufe ido a karɓa. Duk lokacin da wani ya faɗi haka sai in duba agogon da ke hannuna, in sake dubawa.

Sai na koma baya kaɗan, don a gane.

Baba ya yi aikinsa a ɗakin gwajin jini na asibitin gwamnati har ya yi ritaya. Bai iya zaman gida ba, sai ya riƙa zuwa wani ƙaramin ɗakin gwaji kusa da tasha, na wata Hajiya wadda a hannunsa ta koyi aiki. Ita ce mai wurin, amma in ya shigo takan tashi ta ba shi kujera.

Maiɗakina ita ce ta fari a cikin 'ya'yansa mata. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka Uwata yake kiranta. Tun tana yarinya take da farfaɗiya. Da na je neman aurenta, Gwaggo ta so a ɓoye mini, ta ce in an ɗaura aure ya gani da idonsa. Ita da Baba sun yi faɗa a kan haka har ta yi wata biyu ba ta taka gidansa ba. Shi kuwa ya kira ni zaure, ya baza takardun gwaji a kan tabarma, ya ce ga ciwonta, ga maganinta, ƙwaya da ƙarfe takwas na safe, ƙwaya da ƙarfe takwas na dare. Ya ce in tafi in yi tunani kwana bakwai, in na fasa ba zai riƙe ni da komai ba. Na dawo na ce na ji na gani. Ya kwance agogon hannunsa ya ɗaura mini. Ya ce an gaya masa ni mutum ne da yake komawa ya duba kwaɗon shagonsa sau uku, kuma irin wannan mijin yake nema wa Uwata.

Ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Ban taɓa zama a tabarma ɗaya da shi ba sai in ya matsa mini. In ya yi tambaya kaina a ƙasa nake amsawa. Mai hatsi yake ce mini, kuma da mudu yake yi mini bayanin aikinsa, don ya san nan kaina ya fi ɗauka.

Ga yadda yake yi, na gani da idona ba sau ɗaya ba. Yakan ɗebi jini ya zuba a 'yar kwalba mai maganin hana jini daskarewa. Ba ya girgiza ta, juya ta yake a hankali, sama da ƙasa, yana ƙirgawa a ransa. Sai ya sa ta a injin da ke juya kwalabe da gudu, ya sa wata kwalbar ruwa a ɗaya gefen don kada injin ya karkace. In ya tsaya, sai ka ga jan ya kwanta a ƙasa, wani ruwa mai kalar man gyaɗa ya taso sama. Shi ne ruwan jini, ma'aikata suna ce masa filasma, kuma a cikinsa ake neman magani. Yakan zuƙe shi da siririyar roba ba tare da ya taɓa jan ba. In ya ga ruwan ya yi jaja-jaja sai ya zubar, ya ba mutum haƙuri ya sake ɗiba. Sannan ya rubuta abu huɗu a jikin kwalba, ya kuma rubuta a rajista: suna, rana, lokacin ɗibar jini, da lokacin da aka sha ƙwaya ta ƙarshe. Daga nan sai firij, sai filas, sai tasha.

Injin da ke auna maganin babu shi a nan, sai Kano. Ni ban taɓa ganinsa ba, abin da Baba ya gaya mini nake faɗa. Ya ce can sukan zuba wani sinadari da ke sa ruwan jinin ya tsinke kamar madara, su ware gudajin, su tura tsararren ta cikin wani siririn bututun ƙarfe cike da gari mai laushi. Duk abin da ke cikin ruwan da irin tafiyarsa, wani ya fito da wuri, wani ya makara. In maganin ya fito, injin yakan zana tudu a takarda, girman tudun shi ne yawan maganin. Ya ce kafin su yarda da injin sai sun fara ba shi ruwan da suka san adadin maganin da ke ciki, kamar yadda ni ma ba na yarda da sabon mudu sai na gwada shi da tsoho. Kuma a kowace kwalba sukan ɗiga wani abu sananne a matsayin shaida, in shaidar ta ragu a hanya sun san maganin ma ya ragu.

Amma abin da ya fi nanatawa shi ne lokaci. Ya ce in mutum ya haɗiyi ƙwaya, maganin yakan cika a jini kamar kududdufi bayan ruwan sama, sannan ya riƙa janyewa har lokacin ƙwaya ta gaba. Likita ƙasan kududdufin yake son gani, don haka ake ɗibar jini dab da shan ta safe. Yakan ɗaga kwalba ya ce, "Mai hatsi, injin Kano ya san nawa ne a ciki. Ƙarfe nawa ne bai sani ba. Wannan sai mu."

Shi ya sa yake faɗa da direba. Wata rana ya tarar an ɗora filas a kan murfin inji mai zafi. A gaban fasinjoji ya buɗe ya taɓa ƙanƙarar, ya ga ta narke, ya sauke filas ɗin ya koma da shi, ya bi mutum uku gidajensu yana ba su haƙuri a sake ɗiba. Direban ya yi ta kiransa tsoho mai kafirin naci. Amma tun daga ranar a ƙarƙashin ƙafarsa yake ajiye filas, ya rufe da buhu jiƙaƙƙe.

Rajistarsa kuma ba ta da goge-goge. In ya yi kuskure layi ɗaya yake ja a kai, yadda za a iya karanta na farkon, ya rubuta na daidai a gefe, ya sa hannu. Yakan ce rajistar da babu layi ko ɗaya a cikinta ba ya yarda da mai ita.

Cikin maiɗakina na farko ya zube. Ciwon ya kama ta a bakin murhu ta faɗi a kan turmi, ina kasuwa. Da aka samu na biyu, likitanta na Katsina ya ce mai ciki jikinta yakan wanke maganin da sauri, don haka duk wata sai an auna. Baba bai taɓa furta kalmar ciki a gabana ba, halin da Uwata take ciki yake cewa. Wata bayan wata sakamako yana nuna maganin yana raguwa, likita yana ƙara mata kaɗan-kaɗan. Haka muka kai wata na bakwai.

Ranar Litinin ɗin nan aka sa za a ɗebi jini da ƙarfe bakwai da rabi. Baba ya kwana biyu ba shi da lafiya, ƙirjinsa yana nauyi, amma ya aiko cewa shi zai ɗiba da kansa, ya riga ya sa an daskarar da ƙanƙara, ya kuma gaya wa direba. Na dawo daga sallar asuba sai na tarar da maiɗakina zaune a bakin gado tana taɓa harshe. Ta ce tana jin warin ƙonannen gashi. Wannan warin shi yake zuwa mata kafin ciwon, wani lokaci ya wuce, wani lokaci bai wuce ba. Na duba agogo, shida da minti goma. Na dubi cikinta, na tuna turmin nan. Na ɓare ƙwaya na ba ta, ta sha. Warin ya wuce.

A hanya na yi ta shirya yadda zan gaya masa. Da muka shiga na gan shi zaune ya rame, da hula a karkace, ya jera auduga da allura, yana numfashi da baki. Ya ɗaure mata hannu ya ɗebi jinin. Ya ɗauki biro, bai ko ɗago kai ba ya ce, "Ta ƙarshe ƙarfe nawa?"

Na tuna yadda yake korar duk wanda ya sha ƙwaya kafin ya zo. Na tuna shi ya ɗaura mini agogon nan. Na ga ya taso daga kwance saboda mu. Bakina ya ce, "Takwas na daren jiya, Baba."

Maiɗakina ta dube ni, ta sunkuyar da kai. Ba za ta ƙaryata mijinta a gaban mahaifinta ba. Ya rubuta a kwalba, ya rubuta a rajista. Ya ce madalla da mai hatsi.

Na ce a raina da yamma zan je in faɗa masa. Da yamma na tarar da baƙi a wurinsa. Talata na je har ƙofar zaure, na ji yana tari, na ce bari ya samu sauƙi. Laraba ina kasuwa ina auna dawa aka aiko mini.

Ranar addu'ar uku, bayan an shafa fatiha an raba gumba, Hajiyar ɗakin gwaji ta aiko a kira ni da yayan maiɗakina zaure. Idonta a kumbure. Ta ce sakamako ya iso ta waya, kuma bai yi kama da na watannin baya ba, maganin ya haura ya wuce iyakar da likita yake so. Ta ce ta buga wa likita, shi ma abin ya ɗaure masa kai, ya tambaya ko an yi kuskuren lokaci, wa ya ɗebi jinin. Da ta ce Baba ne, da hannunsa ya rubuta, sai likita ya ce to ba sai an sake ba, maganin ne yake taruwa a jikinta, kuma yawansa haɗari ne gare ta da abin da ke cikinta. Daga daren yau a rage, a riƙa ba ta rabin ta dare.

"Da wani ne ya rubuta lokacin nan, Malam, da na ce ku dawo gobe," in ji ta. "Amma aikinsa na ƙarshe ne. Ban taɓa kama shi da kuskuren lokaci ba."

Yayan maiɗakina ya ce Allah Ya saka wa Baba, ko a ciwon ajali bai bar 'yarsa ba. Suka dube ni. Na ce to. Wallahi to na ce. Na karɓi takardar da ta rubuta sabuwar ƙa'idar, na ninke ta huɗu na sa a aljihu.

Na shiga cikin gida. Maiɗakina tana kwance a ɗakin Inna, mahaifiyarta, kwana uku ba ta yi barcin kirki ba, kuma rashin barci shi ne babban abin da ke tayar mata da ciwon. Na tsaya a bakin ƙofa aka kira mini ita. Ta fito tana dafa bango, ta tambayi abin da Hajiya ta ce. Na gaya mata. Ta daɗe tana kallon agogon hannuna.

"Malam, kwaɗon shago sau uku kake komawa ka duba," ta ce, a hankali don kada mata su ji. "Ni na yi shiru a gaban Baba saboda kai, kuma ba zan je in tona ka a gaban Yaya ba. Kai kake ba ni magani. In ka kawo mini rabi yau da dare, zan sha."

Ta juya ta koma ciki.

Da na fito, Hajiya ta riga ta bar zaure, tana bakin titi tana shirin shiga Keke. Tsakanina da ita tabarmi ne cike da maza: liman, mutanen Sandamu, direba, yayan maiɗakina. Na so in bari ta tafi in bi ta ɗakin gwaji in same ta ita kaɗai. Sai na tuna haka na ce ranar Litinin, haka na ce ranar Talata. Na tsallake takalman mutane na kira ta. Muryata ta fita da ƙarfi fiye da yadda na so, kowa ya waiwayo.

"Hajiya, lokacin nan ba daidai ba ne. Ta sha ƙwaya da shida da minti goma na safe. Baba ya tambaye ni, na ce masa takwas na dare. Abin da na faɗa ya rubuta."

Yayan maiɗakina ya miƙe tsaye, ya tambaye ni ko na san abin da na kusa yi wa ƙanwarsa, ko kuwa sai an sake kwasar ta a bakin murhu zan buɗe baki. Gaskiya ya faɗa. Liman ya kama gefen rigarsa ya zaunar da shi. Hajiya ta ciro waya a nan bakin titi ta kira likita. Na ji tana cewa kada a rage, a bar ta yadda take, Litinin za a sake ɗiba. Ta miƙo hannu, na ciro takardar aljihuna na ba ta, ta yage ta.

Gwaggo, da labarin ya shiga cikin gida, an ce cewa ta yi, to ga shi nan, ko a kabari bai bar mutum ya yi ƙaryarsa ba.

Litinin da bakwai da rabi muna ɗakin gwaji, maiɗakina ba ta sha ƙwayar safe ba. Tun asuba nake zaune kusa da ita ina tambayarta ko tana jin wari, har ta ce in na sake tambaya ita za ta koma gidan Inna. Hajiya ta ɗebi jinin, ta juya kwalbar a hankali kamar yadda yake yi. Ta tambayi lokaci, na faɗa, ta dubi maiɗakina, ita ma ta faɗa. Sannan ta jawo rajista ta buɗe baya, ta nuna mini wurare da dama inda Baba ya rubuta da hannunsa: ya sha da safe, ya dawo gobe.

Ta ce ban yi laifi ba da na ba ta ƙwayar, duk mai hankali haka zai yi. Ta ce da na gaya masa, abin da zai rubuta kenan, ya yi mini 'yar tsiya, ya mayar da ƙanƙararsa firij. Kwana ɗaya kawai za mu rasa.

Wannan magana ta fi ta yayan maiɗakina ciwo.

Ta buɗe shafin ƙarshe. Layin Baba na ƙarshe a duniya sunan 'yarsa ne, rubutun ya ɗan karkace saboda ciwo, amma kowane harafi a fili. Ta miƙo mini biro. Na ce ban isa in taɓa rubutunsa ba. Ta ce shi ya koya mata, wanda ya kawo kuskure shi yake gyarawa. Na ja layi ɗaya a kan takwas na dare, yadda har yanzu ana iya karanta shi. Na rubuta shida da minti goma a gefe, da mummunan rubutuna na ɗan aji shida, na sa hannu a ƙarƙashin nasa.

Sakamako na biyu ya zo ranar Juma'a. Maganin ya yi ƙasa sosai, ƙasa da na duk watannin baya. Likita ya ƙara mata. Ban tambaya me zai faru da an rage ba, ban kuma so a gaya mini.

Yayan maiɗakina har yanzu gaisuwa kawai muke yi. Ina ta tambayar malamai ko mamaci yana yafe abin da bai san an yi masa ba, kowa da abin da yake ce mini, hankalina bai kwanta ba tukuna. Abin da na sani shi ne, na zauna kwana uku ina jin mutane suna cewa rubutun Baba ba ya ƙarya, kuma gaskiyarsu ne. Ya Allah, wannan bawa naKa ya tsare amanar jinin mutane, Ka tsare shi daga tambayar da ba shi da amsarta, Ka haɗa shi da iyayensa a Aljanna, Ka sauki Uwarsa, maiɗakina, lafiya.

Agogonsa ya nuna takwas saura minti biyar. Bari in ajiye biro in kai mata ruwa.